Yumɓun Garinmu da Farar Ƙasar Yaya Uwais

A Fayyum, kudu da Alƙahira, in ka ce kana neman Dakta Midhat Abdul Tawwab, za a tambaye ka, "Wanne? Na taɓo?" To ni ne. Tsofaffin ƙauyenmu sun daɗe da daina kawo mini ciwon gwiwarsu, tun ranar da suka gano cewa digirin da na ɓata ƙuruciyata a kansa na kwaɓa ƙasa da ruwa ne. Matata Nagat kuwa ta ce duk ginin da muke haya ita kaɗai ce ke ɗauko kwat ɗin miji ta tarar da laka a aljihu. Na ce mata wata rana lakar nan za ta sai mata mota. Ta ce to ta fara da sabulu.

Aikina ba shi da wuyar faɗa. Masu haƙar rijiyar mai ba sa haƙa a bushe. Laka suke kwaɓawa mai kauri su tura cikin ramin, ta sanyaya bakin ƙarfen, ta kwaso tsakuwar da ya niƙa ta fito da ita sama, ta kuma yaɓe bangon ramin kada ya rufta. Ba kowane yumɓu ke wannan aiki ba, sai wanda in ya ji ruwa yake kumbura kamar ƙullin burodi. Irinsa kamfanoni ke sayowa daga ƙetare a jirgin ruwa, alhali ga tsauni guda na yumɓu a bayan ƙauyenmu, tsakaninmu da tafkin Ƙarun, ba a yin komai da shi sai bulo.

Namu ba ya kumbura. Ka zuba masa ruwa, ya kwanta a gindin kofi ya ƙura maka ido. Alli ne ya yi masa yawa a jiki, shi ke ɗaure shi. Maganinsa kanwa, irin ta masana'anta, farar nan mai laushi: a niƙa yumɓun, a barbaɗa masa ita daidai gwargwado, a jiƙa, a rufe, a bar shi makonni, kanwar ta kori allin. Gano wannan "daidai gwargwadon" shi ya cinye mini kusan shekara goma da rabin gashin kaina. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajina ya haddace maganata: alli ne maƙiyi, kada ko ƙurarsa ta kusanci lakar. Har kwaikwayona suke yi a bayan ido, yatsa a sama, sun zaci ban sani ba.

Yayana Uwais shi ke haƙar yumɓun. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya bar makaranta ya ɗauki diga don ni in ci gaba. Bai taɓa goranta mini ba. Abin da yake yi ya fi gori nauyi: alfahari yake da ni. Ko mu biyu ne a ɗaki, "Dakta" yake ce mini, kuma in na shigo sai ya miƙe tsaye, mutumin da ya taɓa goya ni ya tsallake da ni magudanar ruwa. Na hana ya ƙi hanuwa, kuma in faɗi gaskiya, ban hana da ƙarfi ba.

Wuraren gasa bulon da ke sayen yumɓunmu suna ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ya mutu, samari suka fara zarewa. Hanyar ɗaya ce, kowa ya san ta: mota zuwa Libiya, zaman jira a bakin teku, sannan kwalekwale zuwa Italiya. Wasu sun aiko da kuɗi an gina benaye. Wasu biyu da suka tafi bara har yau iyayensu mata ba su yarda a yi musu zaman makoki ba.

Uwais yana da 'ya'ya mata biyar da namiji ɗaya, Karam, ɗan shekara ashirin da biyar, ya karanta gyaran injuna ya dawo yana gyara wa maƙwabta fanka kyauta. Wata ranar Juma'a sai ga su su biyu a gidana, uban a gaba, ɗan a baya yana kallon silin.

"Dakta, yi masa magana," in ji Uwais. "Ya yi magana da dillalin masu tafiya. Ni na yi har bakina ya bushe. Kai yake jin maganarka."

Na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na gaya wa Karam cewa wani kamfanin mai ya ga sakamakon bincikena, za su zo su gwada yumɓunmu. In suka karɓa, za a kafa injin niƙa a gindin tsaunin, kuma wa zai riƙe injin in ba shi ba?

"Baffa," ya ce, "tun ina firamare kamfani ke zuwa."

"Wannan karon da gaske ne."

"Wancan karon ma da gaske ne. Har agwagwa Umma ta yanka."

"Kai, yaron nan! Ina magana kana magana?" in ji ubansa.

"Bar shi, Yaya," na ce, irin na manyan da ba sa fushi. "Karam, bayan Ƙaramar Sallah za su zo. Sun sa rana."

Ya dube ni. Sannan ya kama hannun ubansa. "To zan jira ranar. In suka ce e, na zauna, wallahi na zauna. In suka ce wani abu ban da e, ko 'sai mun duba', ko 'in Allah ya yarda', kada kowa ya riƙe mini riga."

Na ce na amince, har da dariya. Uwais ya dube ni kamar na ciro masa ɗan daga cikin ruwa.

Wadda kamfanin ya ɗora wa aikin sunanta Injiniya Mirfat, 'yar gajeruwa mai tabarau, ta yi shekara ashirin a rijiyoyin hamada tana daka wa ƙarti tsawa. Na aika mata samfurin lakata, ta gwada, ta kira ni.

"Dakta, ta yi kyau. Amma a kofin gwaji ko garin fulawa zan iya sa shi ya ci jarrabawa. Ni tanki nake so, cike, da ruwan rijiyarku, da hannun mutanenku. Ku kwaɓa ku bar shi ya kwana, in zo da safe in ɗiba da kaina."

Muka gina tankin siminti a gindin tsaunin, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Uwais da mutanensa suka niƙa yumɓu, na auna kanwa da hannuna, muka rufe tulin da tamfol ya yi makonninsa. Na gwada, na sake gwadawa, komai daidai. Saura a zuba a tanki ana gobe baƙi za su zo. Sai na ga ai aiki ya ƙare, na wuce Alƙahira na yi mako ina zaɓen kwat da rubuta jawabi. Ba wanda ya ce in yi jawabi. Nagat ta saurare shi sau uku, a na huɗu ta ce kanta na ciwo.

Ana gobe gwaji na isa ƙauye da la'asar, sai da na ƙanƙance ido don haske. Mu dai an san halinmu. In aka ce baƙo na zuwa daga Alƙahira ba ma cike ramukan hanya, ba ma kwashe juji, farar ƙasa muke kwaɓawa. Gindin kowace bishiya fari har ƙugu. Duwatsun bakin hanya farare. Bangon masallaci, bakin rijiya, turken jakin mai gari, duk sun sha. Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya daɗe a ranar, shi ma da an shafe shi.

Uwais ya tare ni a bakin hanya, ya ce kada in shiga gida tukuna, akwai abin da zai nuna mini. Hannayensa biyu a naɗe da tsumma. Na tambaye shi me ya same su, ya ce ba komai, farar ƙasa ce ta ɗan ci shi. Ya ja ni har gindin tsauni.

Tankin na nan yana ƙyalli, fari fat ciki da waje. A gefen da ke kallon hanya an rubuta da shuɗin fenti, baƙaƙe manya-manya: MUNA MARABA DA DAKTA MIDHAT ABDUL TAWWAB DA BAƘINSA.

"Ban bar kowa ya taɓa ba," in ji Uwais. "Da hannuna na yi, shafi biyu. Cikin ma na yi, har ƙasan, kada injiniyar ta leƙa ta ga siminti tsirara ta ce mu ƙauyawa ne. Ragowar bokitin ma na juye a ƙasan na baza, kada ya tafi a banza."

Ɗalibin ajin farko ya san mece ce farar ƙasa. Dutsen alli ne aka ƙona aka jiƙa, wato alli ne da ya sha wuta ya ƙara zafin rai. Ni nake koya musu. Yana nan a farkon littafin da nake tilasta musu saya kowace shekara. Yayana ya tsaya a gabana ya gaya mini da bakinsa cewa ya zazzage bokitin maƙiyina a cikin tankina, ni kuwa ina can ina kallon sunana.

Na lura cewa "DAKTA" ya ɗan fi sauran sirantaka, na ce a ƙara masa kauri. Aka ƙara. Na miƙa wa Karam wayata ya ɗauke ni hoto a jikin rubutun, na tura wa Nagat. Na dafa kafaɗar Uwais na ce, "Yaya, yanzu ne ya yi kama da wurin kimiyya." Idanunsa suka ciko. Sannan na sa aka kunna famfo, aka cika tankin, aka zazzage buhunan yumɓun da na yi shekara goma ina raba shi da alli, aka motsa, aka rufe da tamfol. Farar ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba, har ta ɓata mini hannun riga. Na ji haushin rigar sosai.

Washegari da hantsi motoci biyu suka iso. Masu algaita da ganga suka tare su, mata suka rangaɗa guɗa daga saman soraye. Mirfat ta fito da takalmin aiki da hular kwano, mataimakanta biyu na biye da akwatunan kayan gwaji.

"Ina tankin?" ta ce, ko gaisuwa ba ta gama amsawa ba.

"Tanki ba ya gudu, ranki ya daɗe," in ji Uwais. "Na rantse da igiyar aurena, ba mai ɗaga tamfol ɗin nan sai an ci abinci."

"Haba Alhaji, me matarka Umm Karam ta yi maka za ka sa ta a ciki?"

"Ai na riga na rantse. Yanzu aurena a hannunki yake."

Ta yi dariya ta cire hular. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dabino, aka kawo agwagi cike da shinkafa, da gurasar fatir mai mai da zuma, da tsohon cuku irin wanda ke sa ido hawaye. Mai gari ya dinga tura mata cinya yana cewa ba ta ci komai ba. Da aka kawo shayi na miƙe na zaro jawabina. Na fara daga Fir'aunoni. Na yi magana kan arzikin da Allah ya binne a ƙarƙashin ƙafafunmu, da ɗan ƙauyen da ya ƙi mantawa da asalinsa, wato ni. Aka tafa. Karam yana can gefe ya jingina da wata bishiya, hannu a harɗe, bai ci ba, bai tafa ba.

Muka ɗunguma zuwa tankin, gari guda. Ni na kama bakin tamfol ɗin da kaina, don a gani a hoto.

Lakar kirki in ta kwana sumul take tashi, kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Abin da na gani ruwa ne garau a sama, zurfin taƙi guda, ƙarƙashinsa kuma wani abu gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Amma bakina bai mutu ba.

"Haka yake yi," na ce. "Motsi yake so."

Aka motsa. Ya haɗe ya yi tauri, da aka daina kuma ruwan ya fara tasowa sama muna kallo. Mirfat ta matso. Ta ɗiba ta zuba a mazurarinta, ya toshe, ta girgiza, ya zubo talal-talal. Ta sake ɗiba ta zuba a ɗan injin da ke matse laka a ga yawan ruwan da za ta saki. Lakar da za a yarda da ita a rijiya rowar ruwa take yi, ɗigo ɗaya, a jira, ɗigo ɗaya. Tawa ta saki ruwa kamar an buɗe famfo. Kwalbar awon ta cika ta tumbatsa, mataimakin ya janye takalminsa.

"Dakta," ta ce a hankali, "wannan ba lakar da ka aiko mini ba ce."

"Ita ce, wallahi ita ce. Tuli ɗaya ne."

Ta zaga tankin. Ta sunkuya ta kankari bangon ciki da farce, ta murza abin da ya fito tsakanin yatsu biyu, ta shinshina. Sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Farar ƙasa, Dakta? A cikin tankin laka?"

Sai a lokacin na gani. Wallahi sai a lokacin. Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi daga ka har ƙafa. Masu ganga sun yi shiru, mai gari ya buɗe baki, mataimakan nan biyu, waɗanda ba su wuce sa'annin ɗalibaina ba, suna ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Ga sunana a jikin tankin, "DAKTA" ya sha kauri. Mai hankali a nan cewa zai yi, Injiniya, laifina ne, jiya ina tsaye aka zuba. Ni kuwa na juya ga jama'a, na ɗaga yatsan nan nawa na aji, na daka tsawa.

"Wane jaki ne ya shafa farar ƙasa a cikin tankin nan?"

Na san wane ne. Shi ya gaya mini, ni kuma na yaba. Amma maganar ta riga ta fita, tana yawo a kan mutane.

Uwais ya fito daga cikin taron. Ya mayar da hannayen nan masu tsumma baya kamar ɗan makaranta.

"Ni ne, Dakta," ya ce. Ya dubi Mirfat. "Ni ne jakin, ranki ya daɗe. Dakta ba ruwansa. Kada ki rubuta masa laifi."

Sai muryar Karam daga baya, ba da ƙarfi ba.

"Baffa, jiya kana tsaye a nan. Ni na ɗauke ka hoton."

Uwais ya juya kamar an ɗana masa wuta. "Rufe mini baki! Dakta kake gaya wa magana a gaban baƙinsa? Wuce ka ba ni wuri!"

Da mari ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Na tsaya cikin sabon kwat ina zufa, na rasa inda zan sa idona.

Mirfat ta wanke hannu. Ta ce akwai sauran busasshen yumɓun da bai shiga tanki ba? Aka ce akwai. Ta sa aka loda buhu huɗu a motarta. Ta ce abin da ta gani yau shi za ta rubuta, ba ta da yadda za ta yi, amma za ta kwaɓa waɗannan a tankinsu na kamfani, ta kai wa manyanta, in sun yarda su sake dubawa.

Karam ya matso kusa da ita. "Injiniya, ki yi haƙuri. E ne ko a'a?"

Ta dube shi, ta dube ni, da alama ta gane akwai wani abu a ƙasa. "Ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Yau dai ba e ba ne."

Ya ce ya gode, ya juya ya tafi. Bayan rigarsa duk fari ne daga bishiyar da ya jingina.

Da baƙi suka tafi na sami Uwais a zaure. Na durƙusa na sumbaci kansa, na ce Yaya ka yafe mini, ni ne jakin, jakin ma mai digiri. Ya ture ni a hankali, wai kada in ɓata wandona.

"Me ka faɗa da ba gaskiya ba? Ni ban yi karatu ba. Ka dai gaya mini da me ake wanke tankin."

"Ba ya wankuwa, Yaya. Sai an kankare."

"To za a kankare. Kai je ka wurin yaron nan."

Na tarar da Karam a bayan gida yana gyara wa ƙanwarsa keken ɗinki. Na yi masa bayanin alli da kanwa tun daga tushe. Na ce yumɓun lafiyarsa ƙalau, makonni kaɗan kawai, ya ƙara haƙuri. Ya bar ni na gama, don shi yana da tarbiyya.

"Baffa, na san ƙasar tana da kyau. Ban zarge ta ba, ban zargi Baba ba."

"Ni fa?"

Ya yi murmushi. Ya ce, "Ko ta ci, wani abu zai taso. Mai sa hannu ya tafi Umra, ko an canza shugaba. Na yi alkawarin rana ɗaya, na cika. Kai ma ka ce ka amince."

"Ubanka fa? Kai kaɗai gare shi."

"Shi ya sa zan tafi. Ka ga hannayensa? Shekara sittin, yana shafa wa baƙi bango."

Ranar Asabar ya tafi. Umm Karam ba ta fito ta gaishe ni ba da na je, kuma ban ga laifinta ba.

Daga nan na zame wa Mirfat ƙarfen ƙafa. In kira da safe, in kira da azahar, in turo saƙon gaisuwar Juma'a ranar Talata. Har ta ce, "Dakta, in ka sake kirana kafin Lahadi, siminti zan zuba wa buhunan nan." Karam kuwa yana kiran ubansa jefi-jefi daga Libiya. Suna wani sito kusa da teku su da yawa, ana jiran iska ta lafa. Duk kiran da ya yi sai Uwais ya kira ni ya ce har yanzu yana ƙasa, bai hau ruwa ba, alhamdulillahi. Ni da ban damu da hasashen yanayi ba na koma bin labarin iskar Bahar Rum safe da yamma, ina roƙon Allah ya ƙara mata ƙarfi. Nagat ta ce ba ta taɓa ganin mai addu'ar guguwa ba sai ni.

Wata safiya ina bakin ƙofar aji wayata ta yi ƙara.

"Barka, Dakta," in ji Mirfat. "Ta ci. Wajen riƙe ruwa har ta ɗan ɗara ta ƙetaren. Manya sun yarda, za mu fara da rijiya biyu. Ka gaya wa yaron nan mai tambaya, e ne."

Na bar ɗalibai a zaune, na faɗa mota. Duk hanyar ina tsara yadda zan faɗa, inda zan dakata, inda zan ɗaga murya. Hali dai ba ya barin mai shi. Ban tsaya a gida ba, na wuce gindin tsauni, don na san a nan zan same shi.

Yana cikin tankin da kurfi da guduma. Makonnin nan duka kankara yake yi, shi kaɗai, ya gama bango uku ya kama na huɗu. Ya ɗago, fuskarsa duk ƙura. Duk abin da na tsara ya gudu.

"Yaya, sun ce e."

Ya ajiye guduma. Ya zauna daɓas a ƙasan tankin, ya rufe fuska da hannu, na ji yana ta alhamdulillahi. Sai kuma ya zabura ya kama bakin tankin.

"Kira shi. Kira shi yanzu, ka ce ya dawo. Ka ce inji na jiransa. Shekaranjiya ya kira, ya ce teku ta fara kwanciya."

Na lalubo lambar. Wata mata mai harshen mutanen Libiya ta ce ba a samun wannan lambar a halin yanzu. Na sake. Ita ce dai.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta shiga."

"Tawa ma tun jiya haka take ce mini, amma tawa tsohuwa ce, ba ta kamawa sosai. Taka ai mai tsada ce." Ya fito daga tankin ya tsaya a gefena, ya kusanto da kunnensa jikin wayar. Na kira, muka saurari matar tare har ta gama.

"Sake kira," ya ce. "Wataƙila hannunsa ne a jiƙe."

Na sake kira.